Ƙusa ko zinariya: Yadda masu neman kayan tarihi ke saita na'urar gano ƙarfe

Dubban mutane a Birtaniya suna fita gonaki a ƙarshen mako ɗauke da na'urar gano ƙarfe, suna neman tsoffin kuɗaɗe da zobba da sauran kayayyakin da mutanen da suka yar ko suka binne.

To sai dai wuraren da aka fi sa ran samun irin waɗannan kaya, wato kufan ƙauyuka da tsoffin kasuwanni da matsugunan zamanin Rumawa, su ne kuma suka fi ko'ina yawan tsoffin ƙusoshi da gutsattsarin baƙin ƙarfe. A wasu filayen da wuya mutum ya yi taku ɗaya na'urar ba ta yi kuka a kan ƙusa ba.

Saboda wannan ne masu ƙera na'urorin suka sanya musu maɓallin tantancewa, wanda ake murɗawa domin na'urar ta yi shiru a kan baƙin ƙarfe.

Amma da yawa daga cikin sababbin shiga ba su san cewa duk sa'ad da aka ƙara murɗa maɓallin sama, ana kuma toshe kunnen na'urar ne daga jin ƙananan kayan zinariya da siraran kuɗaɗen azurfa, wato ainihin abin da aka fito nema.

Tsohuwar matsala

Matsalar ƙarfen da ba shi ake nema ba dai ta faro ne tun daga farkon tarihin na'urar.

A shekarar 1881, bayan da aka harbi shugaban Amurka James Garfield, masanin kimiyyar nan Alexander Graham Bell ya haɗa wata na'ura domin gano inda harsashin ya maƙale a jikin shugaban. Yunƙurin bai yi nasara ba, kuma daga cikin dalilan da aka bayar har da wayoyin ƙarfen da ke cikin gadon da shugaban yake kwance a kai, waɗanda suka riƙa rikita na'urar. Shugaba Garfield ya rasu a watan Satumbar shekarar.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani hafsan sojan Poland, Laftanar Jozef Kosacki, ya ƙera na'urar gano nakiyoyi wadda sojojin Birtaniya suka yi amfani da ita a fagen daga na El Alamein da ke Masar a 1942. Ita ma ba ta bambance ƙarfe, duk abin da ta ji sai ta yi kuka.

Sai a cikin shekarun 1970 ne kamfanoni, akasari na Amurka, suka fara fito da na'urorin da ke iya raba baƙin ƙarfe da sauran ƙarafa, suna kuma jure wa ƙasa mai ma'adinai.

Waɗannan su ne ake kira na'urorin analog. Ba su da allon da ke nuna lamba ko hoto kamar na dijital da suka cika kasuwa daga baya. Maɓallai ne biyu ko uku da ake murɗawa da hannu, sai kuma sautin da mutum zai saurara.

Wasu daga cikin kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera su sun daina aiki, kamar White's na jihar Oregon, wanda ya rufe a 2020. Duk da haka har yanzu ana cinikin tsoffin na'urorin, kuma akwai masu neman da ke fifita su a filayen ƙusa, saboda sautinsu yana zuwa kai tsaye, ba tare da kwamfuta ta tace shi ba.

Yadda na'urar ke bambance ƙarfe

A ƙarshen sandar na'urar akwai wani faifai da ake shawagi da shi a saman ƙasa. A cikinsa akwai naɗin waya guda biyu.

Naɗi na farko yana aika ƙarfin maganaɗisu mai kai da komowa zuwa cikin ƙasa, akasari a kan kilohaz 5 zuwa 20. Idan wannan ƙarfi ya ci karo da ƙarfe, sai ya haifar da wata 'yar wutar lantarki mai kewayawa a jikin ƙarfen, ita kuma ta mayar da nata martanin. Naɗi na biyu shi ke karɓar martanin.

Sirrin tantancewa yana cikin ɗan jinkirin da ake samu tsakanin abin da aka aika da abin da ya dawo.

Baƙin ƙarfe, da yake maganaɗisu yana kama shi, martaninsa yana zuwa ne kusan a tare da abin da aka aika. Ƙarafan da maganaɗisu ba ya kamawa kuwa, irin su dalma da tagulla da zinariya da azurfa, martaninsu yana jinkirta, kuma jinkirin yana ƙaruwa gwargwadon kaurin abin da kuma yadda wutar lantarki ke ratsa shi cikin sauƙi.

Maɓallin tantancewa iyaka ce kawai da mutum ke shata wa na'urar. Duk abin da jinkirinsa bai kai iyakar ba, sai ta yi shiru a kansa. Duk abin da ya haura, sai ta yi kuka.

Ke nan na'urar ba ta san zinariya ba, ba ta kuma san shara ba. Jeri kawai ta sani.

A ƙasan jerin akwai ƙusa. Daga ita sai siririyar takardar alminiyam irin ta kwalin sigari, sai 'yar kunnen buɗe gwangwanin lemo, sai murfin kwalba na alminiyam, sai kuɗin jan ƙarfe, sannan manyan sulallan azurfa a can sama.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar ita ce kaya masu daraja ba a saman jerin kaɗai suke ba.

Zinariyar da ake ƙera zobe ko sarƙa da ita gauraye take da wasu ƙarafa, abin da ke rage yadda lantarki ke ratsa ta. Don haka siririn zoben zinariya yakan faɗo ne daidai wurin takardar alminiyam, mai kauri kuma wurin kunnen gwangwani. Siririyar sarƙa kuwa takan sauko har kusa da ƙusa.

Haka abin yake ga tsoffin kuɗaɗen Ingila. Kafin sauye-sauyen da Sarki Edward na Ɗaya ya yi a 1279, kusan kuɗi ɗaya ne ke yawo a ƙasar, wato penin azurfa mai nauyin kimanin giram 1.4, wanda ake buga shi da guduma. Idan ana son canji sai a yanka shi gida biyu ko gida huɗu.

Rubu'in irin wannan kuɗi bai kai rabin giram ba, kuma a wurin na'ura yana zaune ne kaɗan a saman baƙin ƙarfe. Wanda ya murɗa maɓalli domin ya huta da takardar sigari, ya yi sallama da shi ke nan ba tare da ya sani ba.

Akwai kuma ƙonannen gawayin kwal, wanda ya warwatsu a gonakin Birtaniya da yawa tun zamanin injinan tururi. Shi ma yana sa na'ura kuka a wuri guda da ƙananan kuɗaɗen azurfa, ta yadda kawar da shi kan tafi da su.

Bugu da ƙari, idan abu ya yi zurfi a ƙasa mai ma'adinai, martaninsa yakan gauraya da na ƙasar, ya sauko a jerin zuwa wajen baƙin ƙarfe. Wannan ne ya sa ɗaga maɓalli yake rage zurfin da na'ura ke kaiwa. Garin neman gira sai a rasa ido.

Ƙusa tana rufe kuɗi

Babban abin da ya kamata a fahimta shi ne, murɗa maɓalli ba ya kawar da ƙusa daga ƙasa. Na'urar tana ci gaba da jin ta, sautin ne kawai aka danne.

Idan ƙusa da kuɗi suka kasance a ƙarƙashin faifai a lokaci guda, na'urar tana karɓar martaninsu ne a haɗe, tamkar abu ɗaya. Haɗaɗɗen martanin yakan faɗo tsakanin na ƙusa da na kuɗin.

Idan iyakar da aka shata tana ƙasa sosai, akwai yiwuwar haɗin ya haura ta, a ji wani ɗan gajeren sauti. Idan kuwa iyakar ta yi sama, sai a wuce shiru.

Lamarin ya fi muni idan ƙusar tana sama da kuɗin, domin ƙarfin martani yana raguwa matuƙa da ƙaruwar nisa. Ƙaramar ƙusa da ke kusa da fuskar ƙasa tana iya rufe babban kuɗin da ke ƙarƙashinta baki ɗaya.

Haka kuma bayan na'ura ta danne sautin ƙusa, tana buƙatar ɗan lokaci kafin ta farfaɗo. Idan faifan ya riga ya wuce kan kuɗin a cikin wannan ɗan lokaci, to an rasa shi.

Yadda ake saitawa

Ƙa'idar da gogaggun masu nema suke bi a irin wannan fili ita ce a bar maɓallin a mafi ƙarancin matsayin da kunne zai iya jurewa.

Da farko, idan na'urar tana da maɓallin daidaitawa da ƙasa, da shi ake farawa. Ana neman wurin da babu ƙarfe, a sanya na'urar a yanayin jin kowane irin ƙarfe, a riƙa ɗaga faifan sama kamar taƙi guda ana sauke shi, ana murɗa maɓallin har sai sautin ya daina canzawa. Idan ba a yi haka ba, tantancewar ma ba za ta zauna daidai ba.

Daga nan sai a tono ƙusa ɗaya daga cikin filin da za a yi aikin, domin ƙusar da ta shekara ɗaruruwa tana tsatsa ba ɗaya take da sabuwa ta kanti ba. A ajiye ta a ƙasa, a mayar da maɓallin tantancewa can ƙasa, a riƙa wucewa da faifan a kanta ana murɗawa sannu a hankali.

Za a kai wani matsayi da sautin zai fara karyewa, ya koma tsartsatsi ko ƙas-ƙas. A nan ake tsayawa. Ba a son a kai inda ƙusar za ta yi tsit gaba ɗaya, domin wannan ƙas-ƙas ɗin shi ke shaida wa mutum yawan ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, ya san lokacin da zai rage sauri.

Ana gwada ƙusar ta tsawonta da kuma ta faɗinta, saboda martaninta yana bambanta da yadda take kwance.

Sai a ɗauko mafi ƙanƙantar abin da ake fatan samu, kamar siririn zobe ko ɗan ƙaramin kuɗi, a tabbatar yana bayar da sauti mai kyau. Bayan haka a ajiye shi kusa da ƙusar, a riƙa matso da su ana gwadawa, har a gane tazarar da na'urar ke iya raba su. Wannan gwaji na 'yan mintoci yana koya wa mutum abin da lambobin da ke jikin maɓallin ba za su koya masa ba, musamman da yake a wasu na'urorin matsayi na ƙasa ma ya riga ya danne ƙananan ƙusoshi.

Maɓallin ƙarfin ji ma ana rage shi. A fili mai tsabta ƙara shi yana ƙara zurfi, amma a filin ƙusa yana sa na'urar ta riƙa jin ƙarafa da yawa a lokaci guda, har da waɗanda ke gefen faifan.

Girman faifan yana da tasiri sosai. Wanda aka saba sayarwa tare da na'ura yakan kai santimita 20 zuwa 25 a faɗi. Ƙarami mai santimita 10 zuwa 15 ba ya kai zurfin babban, amma yana kutsawa tsakanin ƙusoshi, ya ji abu ɗaya a lokaci guda.

Sannan sai tafiya a hankali, kowane shawagi yana hawa rabin wanda ya gabace shi. Sai dai akasarin waɗannan na'urori ba sa tantancewa sai faifan yana motsi, don haka ba a tsayar da shi cak. Idan an gama fili ta gabas zuwa yamma, ana sake bin sa ta kudu zuwa arewa, domin kuɗin da ƙusa ta tare ta wannan fuska yakan bayyana ta waccan.

Aikin kunne

Da yake babu allo, kunne ne alƙali, shi ya sa ake amfani da abin saurare na kunne.

Kuɗi ko zobe yakan bayar da sauti gajere mai santsi, wanda ke maimaituwa a wuri ɗaya ko ta wace fuska aka zo masa. Baƙin ƙarfe kuwa sautinsa yakan zo da kaushi a farko ko a ƙarshe, kuma idan mutum ya zagaya ya zo masa ta gefe, sai ya karye ko ya ɓace. Ƙusar da ke kwance kusa da sama takan yi kuka sau biyu idan aka bi tsawonta, ɗaya a kowane kai.

Manyan ƙarafa su ne suka fi yaudara. Takalmin doki, da zoben ƙarfe, da guntun bakin garma, da faffaɗan gwangwani mai tsatsa, duk suna iya yin sauti irin na azurfa ko da an ɗaga maɓalli, saboda girmansu da siffarsu suna ba wutar lantarki damar kewayawa sosai.

Ana gane su ta hanyar komawa yanayin jin kowane ƙarfe a auna faɗin sautin, ko a ɗaga faifan sama. Idan an ɗaga shi da nisa sautin bai ragu ba, to abin babba ne.

Wata dabarar kuma ita ce murɗa maɓallin da babban yatsa yayin da ake shawagi a kan abin, a ga matsayin da sautin zai yanke, sannan a mayar da shi inda yake. Wannan yana nuna wurin abin a jeri.

Idan kuma aka tona aka sami ƙusa, ana sake bin ramin da na'ura kafin a rufe shi, domin sau da yawa abin da ya jawo sautin yana nan a gefenta.

Ƙasa mai tama

Akwai wani nau'in baƙin ƙarfen da ba hannun mutum ne ya zubar da shi ba, wato wanda ke cikin ƙasar kanta, kamar jar ƙasa da marmara da baƙin yashi da duwatsun tama.

Maganin wannan shi ne daidaita na'ura da ƙasa. Ƙoƙarin kashe surutun ƙasa da maɓallin tantancewa yana rufe matsalar ne kawai, tare da asarar zurfi.

Masu neman zinariya a hamadar Sahara sun san wannan sosai. Na'urar gano ƙarfe ce ta buɗe hanyar tururuwar neman zinariya a arewacin Sudan, sannan a yankin Djado na jihar Agadez a Nijar daga watan Afrilun 2014, wurin da gwamnati ta rufe a 2017.

Ɗanyen gutsuren zinariya ƙarami yana zaune ne daf da baƙin ƙarfe a jeri, shi ya sa masu wannan nema suke aiki kusan ba tare da tantancewa ba. Manyan na'urorin da suka fi so ma wata fasaha ce dabam, mai aika ƙarfin maganaɗisu bugu-bugu, wadda ke jure ƙasa mai ma'adinai amma ba ta iya raba ƙarfe da kyau idan ya yi zurfi.

Masu kwance nakiyoyi a ƙasashe irin su Kambodiya da Angola su ma ba sa dogara da tantancewa. Wasu nakiyoyin, kamar samfurin M14 na Amurka, jikinsu na roba ne, ƙarfen da ke cikinsu ɗan kaɗan ne ƙwarai. Don haka kowane sauti sai an bincika shi, ko da za a tono ɗaruruwan gutsattsarin ƙarfe kafin a sami nakiya ɗaya.

Baƙin ƙarfen ma tarihi ne

Masana kayan tarihi a Birtaniya suna da nasu ƙorafin game da maɓallin. Tun daga 1997 ƙasar take da wani shiri na rajistar abubuwan da jama'a suka tsinta, wanda gidan tarihi na British Museum ke jagoranta, kuma an rubuta abubuwa fiye da miliyan ɗaya da rabi a cikinsa.

To amma kayan baƙin ƙarfe ba su da yawa a rajistar idan aka kwatanta da yawansu a ƙasa, saboda masu nema suna tsallake su. Ga shi kuwa wuƙaƙe da makullai da kayan noma da makamai na mutanen da akasari da baƙin ƙarfe aka yi su.

A filin yaƙin Towton na 1461 da ke Yorkshire, kawunan kibau na baƙin ƙarfe da aka gano da na'ura suna cikin abubuwan da suka taimaka wajen fahimtar inda aka gwabza.

Dokar ƙasar dai ta tanadi cewa sai da izinin mai gona ake nema, kuma haramun ne a yi a wuraren tarihi da gwamnati ta keɓe ba tare da izini ba. Dokar Dukiyar Tarihi ta 1996, wadda ta fara aiki a 1997 a Ingila da Wales da Ireland ta Arewa, ta wajabta kai rahoton abin da ake zaton dukiya ce a cikin kwanaki 14.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka share fagen wannan doka ya faru ne a ƙauyen Hoxne na yankin Suffolk, ranar 16 ga watan Nuwamban 1992.

Wani manomi ne ya yar da gudumarsa a gona, ya roƙi abokinsa Eric Lawes ya taya shi nema da na'ura. Maimakon guduma sai Mista Lawes ya ci karo da cokulan azurfa da kayan ado na zinariya da tsabar kuɗi na zamanin Rumawa.

Bai ci gaba da tono ba, sai ya sanar da hukuma, washegari kuma masana suka zo suka kwashe sauran a tsanake. An ƙirga kuɗi 14,865, daga ciki 569 na zinariya ne, tare da wasu kayayyaki kimanin 200, waɗanda aka binne a farkon ƙarni na 5. An kimanta su a kan fam miliyan 1.75, kuɗin da ya raba da manomin.

Akwatin katakon da aka zuba dukiyar a ciki ya riga ya ruɓe. Ragowar ƙusoshi da sauran ƙarafan da suka riƙe shi, da kuma yadda kayan suke jere, su ne suka ba masana damar gane cewa tsawonsa ya kai kimanin santimita 60.

Daga baya an gano gudumar manomin, kuma yanzu haka tana ajiye a British Museum da ke Landan tare da dukiyar.